Muryar Funori, Numfashin Sumie

Ranar da ƙungiyar bikin garin Tobisaki ta zauna a kan maganar jirgi, Ebina Sumie ce ta fara isa zauren. Ta zaɓi kusa da taga ta lanƙwashe ƙafafu a kan tabarma, ta ajiye na'urar maganarta a gefen kofin shayi. Tun da likitoci suka cire mata maƙogwaro saboda ciwon daji, da abin nan take magana. Ɗan ƙarfe ne kamar tocila, ta danna shi a gefen wuya ya yi ƙugi, ita kuma ta murza ƙugin da harshe da leɓe ya zama kalmomi. Numfashi kuwa ta wata 'yar ƙofa da aka huda mata a gindin wuya take yin sa, kullum a rufe da ƙyallen siliki. Ko 'yar da ta haifa ba ta cika ganin wurin ba.

Maganar da ta tara su guda ce. Duk bazara mutanen garin kan ja jirgin biki daga bakin teku zuwa ɗakin ibada da ke kan tudu, da igiyoyi biyu masu kaurin damtse, a kan gumagumai, mai waƙa na tsaye a goshin jirgi yana ba da baiti. Tun tana da ƙuruciyarta Sumie ce ke tsayawa a wurin. Bara tana kwance a asibiti aka sa kaset ɗinta, jirgi ya kai tsakiyar hawa ya cije, sai da aka ɗaura shi a bayan motar ƙungiyar masunta.

Kasai Tokuzo, shugaban ƙungiyar, tsohon masunci mai wuya kamar na bijimi, bai tsaya kwana-kwana ba.

"Bana tun daga bakin ruwa mota za ta ja. Mun huta da kunya. Waƙa kuma a sa ta a lasifika don masu ɗaukar hoto."

Sumie ta ɗauki na'urarta ta danna a wuya. "Idan mota ce za ta ja, waƙar ta mutu ke nan, Toku-san. Waƙar jan igiya ce, ba ta rakiyar mota ba."

"To wa zai ba da baitin, Sumi-chan? Ɗalibarki tana Tokyo tana sayar da inshora. Ni kuma in na buɗe baki, kifin da ke teku ma ƙaura zai yi."

"Funori za ta bayar."

Masaji, ɗan ɗan'uwan Tokuzo, ya tuntsure da dariya har shayi ya sarƙe shi.

"'Yar tsanar kwamfuta? Goggo, haba!"

"Na'ura ba ta da rai," in ji Tokuzo. "Abin da ya kayar da mu bara ke nan. Kowa ya sani."

"Kowa ya faɗa dai," in ji Sumie. "Yanzu da na'ura nake maka magana, kuma ga shi ranka ya ɓaci. Ka ba ni gwaji ɗaya a bakin teku. In ta kasa, ni da kaina zan wanke maka motar."

Labarin Funori tsoho ne a garin. A shekarun da manhajar waƙa take sabuwa, a kwali ake sayar da murya kamar yadda ake sayar da sarewa: ka rubuta kalmomi, ka zana karin waƙa a kwamfuta, ta rera maka. Kwalayen suka yi ta shan ƙura a kantuna, har ranar da wani ya yi dabarar zana yarinya a jikin kwali ya ba ta suna. Shi ke nan kasuwa ta buɗe. Ashe mutane ba kayan kiɗa suke nema ba, wadda za su rubuta wa waƙa suke nema. Kowane ƙaramin kamfani ya bazama neman murya, wani daga birnin Sapporo ya ce shi ta mawaƙiyar gargajiyar arewa yake so, aka kwatanta masa gidan Sumie.

Ta yi kwanaki a wani ɗaki mai kama da akwati, tana rera gaɓoɓin da ba su da ma'ana. Ka, ki, ku, ke, ko. A kan sauti ɗaya, a miƙe, ba hawa ba sauka. Duk lokacin da muryarta ta lanƙwasa irin lanƙwasar da ta kai ta gasar lardi, sai injiniyan, mai kiranta Sensei, wato Malama, ya sunkuya ta bayan gilashi ya ce, "A yi haƙuri, Sensei, a miƙe." Ta dawo gida tana cewa an kai ta Sapporo an mayar da ita ajin farko. Bayan watanni kwali ya iso. A jikinsa ga yarinya da takalmin roba na masunta har gwiwa, da gashi ja-ja irin na ciyawar tekun da ake zubawa a miya, wato funori, wadda da sunanta aka raɗa wa yarinyar suna. Matan kasuwar kifi suka yi ta tsokanar Sumie wai an rage mata shekaru ba a rage mata ƙugu ba.

Abin da ya biyo baya ne ba wanda ya zata. Masu waƙa a zuci da ba su da mai rera musu, ɗalibai da direbobin jirgin ƙasa da matan aure, suka zauna a ƙananan ɗakunansu suna sa Funori waƙa suna ɗorawa a intanet. Wani ya yi waƙar, wata ta zana hoton, wani can ya haɗa bidiyo, ba su taɓa haɗuwa ba. Sau ɗaya aka gayyaci Sumie wani zaure a birnin Sendai, inda aka haska Funori a jikin faffaɗan gilashi tana rawa, jama'a na kaɗa sandunan haske suna kiran sunanta. Sumie ta zauna a layin baya da jakarta a cinya, ba wanda ya san ta, tana jin muryarta na gudun da harshenta bai taɓa yi ba. Ba ta ji an yi mata sata ba, kamar yadda 'yan jarida suka so ta ce. Ji ta yi kamar ta haifi 'ya mai rawar kai, kuma 'yar ta yi farin jini.

Daga baya kamfanin ya rufe. Sababbin manhajoji suka zo, masu koyon salon mawaƙi da kansu, aka bar Funori a baya sai ga 'yan tsirarun da suka ƙi saki. Tateoka Asami na cikinsu. Ma'aikaciya ce a asibitin haƙori a Sendai, ta haura arba'in, kuma a wurin masu harkar an san ba wanda ya kai ta iya horar da muryar nan, don horarwa suke kiran aikin, kamar na doki. Duk sabuwar shekara takan aiko wa Sumie faifan abin da ta yi. Da Sumie ta neme ta, ba ta ce bari ta yi shawara ba. Ta ɗauki hutu ta hau jirgin ƙasa.

Suka duƙufa a ɗakin Sumie. Lanƙwasar da aka hana ta yi a Sapporo, ita ce yanzu Asami ke mayarwa da hannu, tana jan wani siririn layi a fuskar kwamfuta, sama kaɗan, ƙasa kaɗan. Sumie na zaune a gefe tana zana karin a iska da yatsa.

"Nan kin yi kwarkwasa da yawa, Asami-san. Jirgi za a ja, ba saurayi ba."

"To, Sensei. Haka fa?"

"Yanzu kuma kin mayar da ita mai sanarwar tashar jirgi. Tsakani."

Ranar gwaji da hantsi aka fito da jirgi daga rumfarsa. Maza suka jeru a igiyoyi biyu, fuska ga tudu, baya ga jirgi. Asami ta danna maɓallin kwamfuta. Murya ta tashi daga lasifika, fes, mai kauri, ta lanƙwasa daidai inda take lanƙwasawa tun zamanin iyayensu. Wata tsohuwa da ke shanya ciyawar teku ta saki abin da ke hannunta. Tokuzo kansa ya juya fuska ga ruwa ya daɗe yana gyaran hula.

Amma jirgin bai tafi ba. Na gaba suka ja, na baya ba su shirya ba, igiyar dama ta miƙe ta hagu na reto. Jirgi ya yi ɗan gunaguni a kan gungume ya karkace.

"A sake," in ji Sumie. Aka sake, haka. Aka kuma, haka.

Masaji ya yar da igiya yana duba tafin hannunsa. "Muryar dai taki ce, Goggo, har tsikar jikina ta tashi. Amma yarinyar nan ba ta da tarbiyya. Ba sallama ba komai, sai dai ka ji ta a kanka."

"Wace sallama kuma?"

"Oho. Ke in za ki fara, mutum yakan sani. Ƙafa takan kafu da kanta."

Asami ta dafe baki. "Numfashi! Funori ba ta numfashi, Sensei. Tsohuwar manhaja ce, da hannu muke sa mata. Na cire ne don baitin ya fita tsaf. Ku ba ni minti kaɗan."

Akwai jan numfashi iri-iri da aka naɗa tun a Sapporo, gajere da dogo, a ajiye a gefe kamar kayan yaji. Ta zaɓi dogo ta liƙa a gaban kowane baiti. Da aka sake gwadawa, abin mamaki, da jin shaƙar nan sai dugadugai suka nutse cikin yashi tare, baiti ya sauka, igiyoyi biyu suka miƙe kamar an buga su da guduma ɗaya. Jirgi ya tafi. Maza suka yi ihu, jirgi ya ci shimfiɗar yashi duka, ya kama gindin hawa.

A nan ya fara lalacewa. Hawa na ƙara tsauri maza na ƙara neman lokaci tsakanin ja da ja, masu ɗauko gungume daga baya su kai gaba ba su gama sawa ba, ita kuwa Funori ta shaƙa a kan ƙa'idarta ta saki baiti. Rabin mutane suka ja, rabi na haki. Jirgi ya cije a daidai inda ya cije bara. Aka sa masa waigi.

"Kaset ɗin bara ma ai yana numfashi," in ji Tokuzo, ba da ƙarfi ba. "Nan ya kawo mu."

Sumie ta mayar da ido kan igiyoyi. Bayan mazan take kallo, yadda rigunansu suka manne da gumi, yadda kafaɗu ke hawa da sauka. Sai ta ga abin da idonta ya yi shekaru yana yi ba tare da ya gaya mata ba. Ba ta taɓa ƙirga komai a goshin jirgi ba. Bayan masu ja take kallo. Sai kafaɗu sun lafa, sai mai gungume na ƙarshe ya janye hannu, sannan take shaƙa. Duk rayuwarta ta ɗauka muryarta ce ke jan jirgin, garin ma haka ya ɗauka, har da lambar yabo a bangon zaure. Abin ya ɗan sosa mata rai. Sannan ya ba ta dariya, irin dariyarta ta yanzu marar sauti.

Ta danna na'ura. "Ba rai ne babu ba, Toku-san. Ido ne babu. Ba ta ganin bayanku."

Asami ta ce, "Zan iya yanka waƙar baiti-baiti, kowanne a maɓallinsa. Ke ki duba su, ki ɗaga hannu, ni in danna."

"Su fa? Da ƙeya za su ga hannun?" in ji Masaji. "Kuma kafin ke ki gani, ki danna, ta shaƙa, ta fara, an makara. A hawan nan ƙiftawar ido ma lokaci ne."

"To sai dai Sensei ta shaƙa da kanta a makirfo, ni in bi ta da baitin. A ji shi daga bakinta kai tsa..."

Maganar ta mutu a bakin Asami. Kowa ya tuna tare cewa iska ba ta bi ta bakin Sumie yanzu. Idanu suka sauka kan ƙyallen siliki, suka yi saurin kaucewa.

Sumie ta karɓi makirfon ta kai shi kan ƙyallen ta shaƙa. Abin da ya fito a lasifika shi ne kwaramniyar yadi, kamar ana murza leda. Ta gane. Sai an cire. A kan goshin jirgi, inda ya fi ko'ina tsayi, gaban gari duka da baƙi da masu kyamara. Ta miƙa wa Asami makirfon. Hannunta ya koma kan ƙullin ƙyallen ya tsaya.

Tokuzo ya matso kusa, ya rage murya, irin muryar da ake yi wa marar lafiya. "Ba sai kin yi ba, Sumi-chan. Kin yi naki tuntuni. Motar nan ba abin kunya ba ce, garuruwa da yawa haka suke yi. Ki zauna a inuwa, a kawo miki kujera mai kyau."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Tun suna yara yake ja mata gashi, ya yi mata gardama a kowane taro, bai taɓa tausaya mata ba sai yau.

"Kujera mai kyau," in ji ƙugin na'urar. "Ka ajiye wa kanka, tsoho. Za ka buƙace ta in kun kai sama."

Ranar biki gari ya waye da zafi. Labari ya riga ya zaga intanet cewa Funori za ta ja jirgi a wani ƙauyen masunta, sai ga baƙi a motar safa ta farko: maza masu furfura a gefen kunne, mata da 'ya'yansu, wasu da hoton yarinyar a riga, wasu har da takalmin roba sabo fil. Waɗanda suka yi ƙuruciya da ita ne, yanzu sun zama ma'aikatan ofis. Tokuzo ya bi tafukan hannayensu da kallo ya girgiza kai.

"Wannan hannun ko tawul bai taɓa matsewa ba. Ku koma wutsiyar igiya. In kun ji an shaƙa, ku kafa dunduniya. In an fara waƙa, ku kwanta baya. Kada wanda ya tsaya ɗaukar hoto, zan jefa wayar a teku."

Duk da haka ya sa aka tsayar da motar a gefen hanya, inji a kunne.

Masaji ya tallafa wa Sumie ta hau. Asami ta zauna a gindin ƙafafunta da kwamfuta a cinya, an kafa mata lema. Limamin ɗakin ibada ya kaɗa reshen itace na tsarkakewa a kan jirgi da igiyoyi, aka sunkuya, aka tafa. Sannan Sumie ta kwance ƙyallen, ta ninke shi, ta cusa a ɗamararta. Iskar teku ta taɓa wurin, sanyi ya ratsa ta har ƙirji. Ta ga matan kasuwar kifi sun gani. Ta ga wani yaro a kafaɗar ubansa ya nuna da yatsa an sauke masa hannu. Ta ɗaga haɓa don a gani da kyau, a gama, a koma ga aiki.

Ta kai makirfo gindin wuya ta shaƙa.

Ba irin shaƙar Sapporo ba ce. Wannan mai kaushi ce, da ɗan fito a cikinta, kamar igiyar ruwa na janyewa a kan tsakuwa. Dugadugai suka kafu. Asami ta danna, Funori ta ɗauka daga nan kamar daga ƙirji ɗaya suka fito. Jirgi ya zabura.

Shimfiɗar yashi ta wuce, hawa ya fara. Sumie na kawar da makirfo tsakanin baiti da baiti don ta yi nata numfashin a ɓoye, idonta na kan kafaɗu. Ta ga baƙin sun fi saurin gajiya, ta ƙara musu sarari. Ta ga igiyar hagu ta fi nauyi, ta jira ta. Da suka iso wurin da ya saba cijewa, jirgi ya yi ƙara ya ja da baya kamar taku ɗaya. Mata suka yi salati irin nasu, wani ya ƙwala wa direban mota kira.

"Ba da baiti!" Tokuzo ya yi ihu daga kan igiya ba tare da ya juyo ba. "Sumi-chan, ba da baiti!"

Ba ta bayar ba. Yatsan Asami ya kai kan maɓalli. Sumie ta sa ƙafa ta taka mata gefen siket, alamar ta tsaya. Maza na rataye a igiya, jijiyoyin wuya a waje, shiru ya yi tsawo har ana jin injin motar da kukan tsuntsayen teku. Wani mai gungume ya zame, ya tashi, ya tura itacen ƙarƙashin jirgi ya fizge hannu. Kafaɗun Masaji suka sauka. Na bayansa suka sauka. Wutsiyar igiya, inda baƙin suke, ita ce ta ƙarshe.

Sannan ta shaƙa, doguwa, har haƙarƙarinta ya yi zafi, lasifika ta kai shaƙar har kan tudu. Baitin ya faɗo a kanta. Jirgi ya yi kuka, ya ɗaga goshi, ya haye. Daga nan bai ƙara tsayawa ba sai a farfajiyar ɗakin ibada, inda mutane suka zube a ƙasa suna haki suna dariya, masunta da ma'aikatan ofis a cakuɗe. Asami ta kifa fuska a kan kwamfutar tana kuka. Can ƙasa wani ya kashe injin mota.

A al'adar garin, kofin farko na giyar shinkafa mai ba da baiti ake miƙa wa, tun kafin ya sauko. Tokuzo ya tako da ƙyar, ya cika kofin, ya iso gindin jirgi. Sai ya tsaya da shi a hannu biyu, yana duban Sumie, yana duban kwamfutar, ya rasa ta inda zai miƙa.

"Asami-san," in ji shi, "shekarun yarinyar nan nawa ne?"

Asami ta share ido. "Sha shida aka rubuta a kwalinta, Shugaba. Ba sa ƙaruwa."

"To ba ta isa sha ba."

Ya miƙa wa Sumie, ya sunkuyar da kai ƙasa fiye da yadda al'ada ta nema. Ta karɓa da hannu biyu, wuyanta a buɗe ga rana, ta shanye a tsaye a goshin jirgi.